Saƙo Na Shida

Daga Allah muke, kuma gare shi Baffa ya koma ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na cikin garin Rano, bayan jinyar da ta shekara uku tana cinsa a hankali. Baffa wan mahaifina ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar ƙanin nasa. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika har bakin titi. Tsofaffin direbobin tasha sun zo, waɗanda yanzu idonsu bai isa tuƙi ba. Masu kaji na Rurum Sabon Gari sun zo a kan babura, uku-uku. Wata tsohuwa ta tako daga Zinyau da sandarta, ta shiga cikin gida ta zauna gaban Inna, matar Baffa, ta kasa gaisuwar ma. Da ƙyar ta ce, “Shi ya kai wa mijina labarin haihuwar ɗan farina.” Sai ta rufe fuska da mayafi.

Kowa da irin abin da ya tuna. Wani ya ce bai taɓa jin Baffa ya ƙara wa magana gishiri ba. Wani ya ce ai mutumin nan waya ne tun kafin a kawo waya. Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, wadda ba ta kai ciki. Inna kuwa ba ta ce komai ba sai, “Ya huta da riƙo.”

Da aka fito da shi aka daidaita sahu, liman ya juyo ya ce, “Jama'a, zama da mutum sai da saɓani. Duk wanda mamacin nan ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe masa.” Sahu ya amsa baki ɗaya, “Mun yafe.” Kafaɗata tana jikin kafaɗar ɗan Gwaggo na Kibiya, ɗan ƙanwar Baffa ke nan, kuma taubashina. Bakinsa bai motsa ba. Ya yi sallar, ya kama makara har maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa, amma kalmar nan bai faɗe ta ba. Na san dalili. Na kuma san cewa abin da ya riƙe Baffa da shi shekara goma sha biyu, rabinsa ko fiye a wuyana yake. Baffa ya shiga kabari da haƙƙin da ba a yafe masa ba, ni kuwa ina tsaye da bakina cike da abin da zai iya sauke masa shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Sana'ar Baffa kaji da ƙwan zabi. Litinin da Alhamis yakan kai su Kano. Amma abin da aka fi saninsa da shi saƙo ne. A zamanin da ba waya a aljihun kowa, in kana da magana zuwa ga ɗanka ko mijinki a birni, tashar Rano za ka je da sassafe ka sami Baffa zaune a kan kejin kajinsa. Bai iya boko ba, kuma ba ya karɓar takarda. Yakan ce, “Takarda in ta jiƙe ta mutu, in ta faɗi ba ta kiran mai ita.” Da baki za ka faɗa masa, ya maimaita maka, ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Saƙonka ya hau wannan yatsa ke nan. In yatsun hannun dama biyar suka lanƙwashe, ya rufe. Ko hakimi ne ya aiko sai ya jira Alhamis. Na sha jin masu naci suna cewa, “Haba Malam, ai kana da hannun hagu.” Sai ya ce, “Hannu biyu gare ni, kai ɗaya. Shi kai faifai ne, in ka tula masa tsaba ta gefe take zuba, kuma ba ya gaya maka wadda ta zube.”

A mota ba ya hira. Leɓensa ne kawai yake motsi, yatsu suna buɗewa suna rufewa a kan gwiwarsa. Baƙi sukan ɗauka wuridi yake yi, har su rage murya. Saƙonnin mutane yake bita, daga babban yatsa zuwa ƙarami, ya sake komowa, har a shiga birni.

A kan wannan ya taɓa yin faɗan da har yau ake ba da labarinsa a tasha. Lokacin siyasa ta dawo sabuwa, kowane direba da kaset ɗin waƙar ɗan takararsa. Wani direba matashi ya ƙure murya tun daga fitowa gari. Baffa ya ce a rage. Direba ya ce motarsa ce. Baffa ya ce, “Motarka ce, amma a cikin kaina kake kiɗan, kuma akwai amanar mutum biyar a ciki.” Direba ya ƙara murya. Suna isa Bunkure Baffa ya sa aka tsaya, ya sauke kajinsa keji-keji a bakin hanya, ya zauna cikin rana yana jiran wata motar. Ranar ya rasa cinikin safe gaba ɗaya. Da Inna ta yi masa ƙorafi sai ya ce kaza in ba a saya yau ba gobe tana nan, magana kuwa in ta tashi ba ta da keji.

Akwai saƙon da ba ya ɗauka ko yatsunsa duk a buɗe suke: zagi, gori, da saki. “Wannan ka kai da ƙafarka,” haka yake cewa, “don ka ga fuskar wanda za ka gaya wa.” Aure nawa wannan taurin kan nasa ya tsare, Allah kaɗai ya sani, domin kafin mutum ya nemi kuɗin mota zuciyarsa ta huce. Tsohuwar nan ta Zinyau kuma, sai da ya yi zuwa huɗu yana neman mijinta a cikin masu dako, don an ce ya sauya kasuwa. Duk tsawon kwanakin nan saƙo huɗu yake karɓa, ya ce yatsa ɗaya da mai shi.

Ni malamin firamare ne, kuma a shekarun nan ina ji da kaina. Ana shirin zaɓe na biyu bayan komawar soja bariki, aka ce za a ɗauki malamai aikin rumfunan zaɓe. Na cike takarda, aka ba ni wani ɗan kati mai lamba tara a jere. Ranar wata Alhamis na ji cewa sunaye sun kusa fitowa, kuma ina da aboki a Kano da zai iya duba min. Na bar 'yan ajina da aikin allo na ruga tasha. Na tarar mota ta cika, an ɗaure kaji a sama, Baffa yana gefen taga, hannunsa na dama a dunƙule. Wani mutumin Kibiya yana barin wurin, ashe shi ya kawo na biyar.

Na ce, “Baffa, saƙo gare ni.”

Ya ɗaga min dunƙulallen hannun. “Na rufe. Sai Litinin.”

“Litinin an gama komai. Baffa, ni ne fa. Ɗanka ne. Na bare ka kai, nawa ka bari?”

Na ga maganar ta soke shi. Bai taɓa haihuwa ba, mu ne 'ya'yansa, kuma na san inda nake taɓawa. Ya ce, “Faɗi.” Na laluba aljihu don in rubuta lambar ko a bayan kwalin ashana ne ya miƙa wa abokin nawa, sai na ga malamin makaranta guda ba biro. Katin kuma ba zan iya bayarwa ba, da shi za a tantance ni. Sai na karanta masa lambar, ya maimaita, ya yi kuskure, na sake. Direba ya tayar da mota. Na bi ta da gudu ina ƙwala masa lambobin ta taga, yana amsawa, har sau uku. Abin da na gani na ƙarshe shi ne leɓensa yana motsi da sauri, hannun kuma ya buɗe.

Ya kai saƙona daidai, ko lamba ɗaya bai ɓata ba. Ya kai na mutum huɗu. Ya ƙirga abin da ya sauke ya ga biyar cif, kamar kullum, ya hau mota ya dawo gida da zuciya wasai. Lissafin da ya tsare shi shekara da shekaru shi ya rufe masa ido ranar, domin bai saba neman na shida ba.

Wanda ya zube na Gwaggo ne. Ta aiko a gaya wa ɗanta, wanda yake ɗinki a Kano, ya zo gida ranar Juma'a, tana da magana da shi. Ba ta ce ba ta da lafiya ba, kuma a ido lafiyarta ƙalau. Ranar Juma'a ta sa aka share ɗakinsa, ta yi dambu, ta zauna jira har la'asar. Ranar Lahadi da safe ta faɗi a bakin murhu. Kafin a samo mota ta cika.

A zaman makokin ne maƙwabta suka tambayi ɗan Gwaggo me ya hana shi zuwa, alhali uwarsa ta aika. Ya ce wa aka aika? Ina zaune a tabarmar da ya zo ya durƙusa gaban Baffa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Kawu, an ce mahaifiyata ta ba ka saƙo.” Na ga fuskar Baffa lokacin da abin ya faɗo masa. Ya dubi hannunsa na dama kamar ba nasa ba. Ya ce, “Ta bayar. Na manta. Laifina ne.” Ɗan Gwaggo ya ce, “Me za ta gaya min?” Baffa ya ce bai sani ba. Ba wanda ya sani, har yau.

Taku biyu ne tsakanina da su. Da na buɗe baki na ce ni na tilasta masa na shida, da ko ba komai an raba nauyin. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma. Aikin zaɓen na samu, na kwana huɗu ne.

Daga ranar Baffa bai ƙara karɓar saƙon kowa ba. Ya ci gaba da kai kajinsa, amma in an zo masa da magana sai ya ce faifan ya huje. Ba a daɗe ba waya ta iso Rano, mutane suka daina nema, suka ɗauka zamani ne ya ture shi. Ɗan Gwaggo ya kwashe kekensa ya koma Kibiya, gidan uwarsa. Yana zuwa gaida Baffa da Sallah, ya durƙusa, ya tashi, ba ya shan ruwan gidan. Ni da shi kuwa, da can ba ma haɗuwa sai ya ce da ni Mai Alli, in ce da shi Ɗan Birni, mu yi ta tsiya har a raba mu. Ya ci gaba da tsokanata, don bai san komai ba. Ni ne na daina ramawa. Sau ɗaya na taɓa yi wa Baffa zancen, sai ya katse ni. “Ni na karɓa. Wuƙa ka sa min?” Na riƙe wannan maganar na mai da ita mafaka. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ni nawa tsoro na ajiye a ciki, na sa masa suna biyayya.

Ciwon ya fara masa da ɗaukewa. Yana cikin magana sai ya tsaya, ido a buɗe, yana taunar baki, can ya dawo bai san an yi ba. Aka ce iska ce. Inna ta kira masu ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Da ya faɗi a masallaci na ɗauke shi zuwa wani babban asibiti a Kano. Aka tura mu ɗakin da ake auna motsin ƙwaƙwalwa. Suka cire masa hula, abin da ban taɓa ganin an yi masa a gaban mutane ba, suka manna masa wayoyi a kai da wani abu mai danƙo. A allon kwamfuta wasu layuka suka fara tafiya suna hawa suna sauka, kamar ruwan kududdufi in iska ta taɓa shi. Likitan ya ce ƙwaƙwalwa da 'yar wutarta take aiki, wannan kaɗawar wutar ce muke gani.

Bayan ya gama duba abin da ya shafi faɗuwar, sai ya nemi izini ya ƙara wani gwaji. Ya ce, “Baba, zan faɗi lambobi. Ka riƙe su a ka, kada ka furta sai na ce.” Ya faɗi uku. Ya nuna min layukan da suke fitowa daga wayoyin goshi, na ga kaɗawarsu ta ɗan ƙara girma. Baffa ya mayar daidai. Likitan ya faɗi huɗu, suka ƙara tashi. Biyar, suka ƙara. Likitan ya ce da ni a hankali, “Ka gani? Muddin yana riƙe da abu, wannan igiyar ta gaban kai tana ƙara ƙarfi gwargwadon nauyin. Amma tana da iyaka. In kayan ya wuce ƙarfinta ba ta ƙara tashi, wani lokacin ma sai ta saki. Ba Baba kaɗai ba, ni da kai haka muke. Rumbun ajiya daban, abin da kai yake riƙewa a tafin hannu daban, shi kuwa ɗan kaɗan ne.”

Baffa yana ji. Ido a rufe ya ce, “Likita, abin da mai kaji ya sani shi ne sai da ka sa min waya?” Likitan ya yi dariya, ni ma na yi.

Sai ya faɗi masu tsawo. Layukan suka yunƙura, suka rikice, suka kwanta. Ya ce, “To, Baba.” Baffa ya buɗe baki ya jero lamba tara, tiryan-tiryan, ba gargada. Likitan ya duba takardarsa ya girgiza kai, ko ɗaya ba tasa ba ce. Ni kuwa na gane ta. Lambar katina ce. Ni mai ita da za a tambaye ni ba zan iya kawo ta ba sai na ji, shi kuwa tana nan a kansa shekara tara.

Na ce, “Likita, doguwar lamba irin wannan, abu ɗaya ce a kai ko da yawa?” Ya ce in ba ta da wata ma'ana a wurin mutum, kusan kowace ɗaya nauyin kanta take, kuma mai ƙoƙarin riƙe ta dole ya yi ta maimaitawa, abin da ya shigo kafin ta bai gama zama ba sai ta ture shi. Ya faɗa ne kawai a matsayin ilimi, yana naɗe wayoyinsa. Ashe ba saƙo ɗaya na ƙara wa Baffa ba, tara na ɗora masa a kan biyar.

A motar dawowa Baffa yana kallon gonaki. Mun wuce Bunkure ya ce, “Ka ji ta ko?” Na ce na ji. Ya ce, “Na yi na yi ta fita ta ƙi. Ina sallah tana zuwa. Wadda ba ta da amfani ta samu wuri ta zauna, maganar 'yar'uwata guda ɗaya ta rasa inda za ta tsaya.” Hawaye ya bi ta cikin gemunsa, bai share ba. Na ce, “Baffa, bari in je in gaya wa ɗan Gwaggo.” Ya ce, “Ka ga dama.” Ban je ba. Na ce sai ya ji sauƙi, sai bayan damina, sai bayan Sallah. Da na sani ƙeya ce, ga shi na je ne bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Washegarin sadakar bakwai na hau babur zuwa Kibiya. Na sami ɗan Gwaggo a zauren gidan uwarsa, yana kan keke yana haɗa wata riga. Ya ce, “A'a, Mai Alli, yau an bar yara sun huta da bulala?” Na zauna a ƙasa, ba a kan bencin da ya nuna min ba. Na ce, “Yaya, magana na zo da ita, kuma ta yi shekara goma sha biyu a hanya.”

Na gaya masa duka. Dunƙulallen hannun, gorin da na yi wa Baffa na rashin kai saƙon ɗansa, gudun da na yi a gefen mota, tabarmar makoki, wayoyin asibiti. Tun ina tsakiya ƙafarsa ta sauka daga kan keken. Da na gama, idonsa a kan allurar, ya fara tambayata.

“Ya ce maka ya rufe?”

“Ya ce.”

“Ka ce dole.”

“Na ce.”

“Kana zaune ranar da na tambaye shi.”

“Ina zaune.”

Ya tashi ya shiga cikin gida. Na ji ƙarar buta. Ya jima, sannan ya fito da ruwan alwala a fuskarsa, idanunsa jawur. Ya tsaya a bakin ƙofa ya fuskanci yamma, wajen Rano, ya ce, “Kawu, na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe min ruwan gidanka da na ƙi sha.”

Na ce, “Ni fa, Yaya?”

Ya koma kan kekensa, ya gyara zaman rigar a ƙarƙashin allura. Bai dube ni ba.

“Malam,” ya ce, sunan da bai taɓa kirana da shi ba, “ka kawo saƙonka, an karɓa. Tashi ka kama hanya, hadari yana haɗuwa.”

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da 'yar'uwarsa inda ba a buƙatar ɗan aike. Shi an sauke masa. Ni kuwa duk ranar Juma'a ina zuwa Kibiya in zauna a zauren nan, ya amsa gaisuwata, ya ci gaba da ɗinkinsa.